Bayan An Share Makoki: Ƙagaggen Labari da Sanin Mamaci

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san irin maganar da ake yi a kan tabarmar gaisuwa. Mai ta'aziyya zai zo ya zauna, a ɗaga hannu a yi addu'a a shafa, sannan ya ce marigayi mutumin kirki ne, mai haƙuri, mai zumunci, ba shi da abokin faɗa. Wanda zai biyo bayansa ma abin da zai faɗa ke nan. Kafin a yi sadakar uku an riga an ɗinka wa mamacin riga irin wadda ake ɗinka wa kowa. Ban ga laifin wannan ba, domin addini ya hana zagin matattu, al'ada kuma ta san cewa zuciyar da ke cikin raɗaɗi ba ta bukatar ƙarin nauyi. Sai dai akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya: bayan an share makoki, ina iyalan mamaci za su kai sauran abin da suka sani game da shi, wanda bai shiga cikin waccan riga ba? A ra'ayina ƙagaggen labari ne ya fi dacewa da ɗaukar wannan kaya, kuma har yanzu marubutanmu da mu malamansu ba mu ba wannan fage haƙƙinsa ba.

Ba wai mun rasa al'adar rubutu a kan mamata ba ne. Hasali ma yankin gabashin Sakkwato ya ishe mu shaida. A Wurno, ribaɗin da ya kafa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a shekarar 1837, kuma a can hubbarensa yake har yau. Ba da jimawa ba ƙanwarsa Nana Asma'u ta yi masa marsiyya, ta kuma tsara waƙa da Fulatanci a kan halayensa, mijinta Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ya rubuta littafi da Larabci a kan rayuwarsa. Abin da ya fi burge ni game da Asma'u shi ne ba ta tsaya ga masu mulki ba. Ta yi alhinin maƙwabciyarta Halima, ta yi na Hauwa'u, jajin 'yan taru, mata waɗanda in ba don alƙalaminta ba da ko sunansu ba mu ji ba. A Rabah kuwa aka haifi Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama hakimin garin a 1934. Ya rubuta tarihin kansa ya fito a 1962, aka kashe shi a Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966, sannan bayan shekara 20 John Paden ya fitar da babban littafi mai shafi sama da 700 a kansa, wanda kamfanin Hudahuda na Zariya ya buga.

To amma kowane nau'in rubutu yana da iyakar da ya yi wa kansa. Marsiyya aikinta kuka da yabo da addu'a, ta kafa mamaci a matsayin abin koyi ga na baya. Tarihin rayuwa aikinsa bin diddigin abin da mutum ya yi a bainar jama'a: muƙaman da ya riƙe, yaƙoƙin da ya yi, makarantun da ya gina. Dukansu biyu ba su cika shiga ɗaki su zauna da matar da ke takaba ba, su ji abin da take saƙawa a ranta cikin dare game da mutumin da ta so, ya kuma cuce ta.

Littafin da ya shiga wannan ɗaki, wanda nake so kowane mai shirin koyar da Hausa ya nema ya karanta, daga ƙasar Senigal ya fito. Mariama Bâ, malamar makaranta ce da aka haifa a 1929, ta rubuta shi da Faransanci da sunan Une si longue lettre, ya fito a 1979, ya ci kyautar Noma a 1980, aka fassara shi da Ingilishi da sunan So Long a Letter. Marubuciyar ta rasu a 1981. Da Hausa muna iya kiran sa Doguwar Wasiƙa, domin daga farkonsa har ƙarshe wasiƙa ce guda. Tauraruwar, Ramatoulaye, malama ce a Dakar, Musulma, uwar 'ya'ya 12. Mijinta Modou Fall ya faɗi ya mutu da ciwon zuciya, ta shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, sai ta ɗauki alƙalami tana rubuta wa aminiyarta Aissatou abin da ke ranta. Bayan shekara 25 da aurensu Modou ya auri Binetou, ƙawar babbar 'yarsu Daba, ba tare da ya ko faɗa mata da bakinsa ba, sai dai ya aiko liman da ɗan'uwansa da amininsa bayan an ɗaura. Daga nan ya ƙaurace wa gidan har ajali ya cim masa.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji baƙunta a cikin littafin ba. Akwai zaman makoki, akwai dangin miji da ke cika gida, akwai sadakar arba'in, akwai ɗan'uwan marigayi, Tamsir, da ya zo neman a ba shi auren matar tun takabarta ba ta cika ba, ta kuwa faɗa masa maganar da ta shekara 30 tana haɗiyewa. Amma wurin da na fi so ɗalibai su tsaya su yi nazari shi ne zaman lissafin gado. A nan ne aka buɗe takardun Modou aka tarar bashi ne fal: ya jinginar da gidan da suka gina da gumin su biyu don ya saya wa amarya gida, ya kai surukarsa Makka, ya sayi motoci. Dubi hikimar marubuciyar. Ta ɗauki hukuncin shari'a, wanda ya wajabta a binciki dukiyar mamaci da basussukansa kafin a raba, ta mai da shi mabuɗin labarinta. Yadda magada ke lissafa kadarori, haka Ramatoulaye ta zauna tana lissafa shekarun aurenta. Ta tuna saurayin da ya yi karatu a Faransa yana aiko mata da wasiƙu, ta tuna ɗan gwagwarmayar ƙwadago da take alfahari da shi, ta tuna dattijon da ke rina furfura don ya burge yarinya. Ba ta wanke shi ba, ba ta kuma la'ance shi ba, har ma ta yarda cewa son da take yi masa bai mutu ba. Idan ka rufe littafin za ka ji ka san Modou fiye da yadda masu ta'aziyyarsa suka san shi.

Littafin yana da nasa giɓi, kuma bai kamata malami ya ɓoye shi ba. Murya ɗaya muke ji. Modou yana kabari, ba shi da bakin kare kansa. Binetou ma, yarinyar da aka cire daga makaranta don kwaɗayin uwarta, ta idon kishiyarta kawai muke ganin ta. Wannan ba ya rage wa littafin daraja a wurina, sai ma ya zama darasi a kan mai ba da labari da irin amanar da ya kamata a ba shi.

Ban fahimci nauyin wannan littafi sosai ba sai da abin ya zo gidanmu. Ina da kawu a wani ƙauye cikin ƙasar Goronyo, manomin albasa da shinkafa a fadamar Rima, wanda duk dangi suka shaide shi da rowa da zafin rai. Da ya rasu muka zauna makoki muka ce mai haƙuri ne, mai kyauta, alhali kowa ya san abin da ke cikin ransa. Ranar rabon gado aka buɗe wata tsohuwar adaka aka sami takardu da ajami, rubutun hannunsa. A ciki akwai lissafin hatsin da yake aika wa marayun wansa kowace kaka, shekara da shekaru, ta hannun wani maƙwabci, da sharaɗin kada a faɗi daga inda ya fito. A cikin adakar dai akwai wata takardar da ta tabbatar da abin da ƙanwarsa ta mutu tana faɗa ba a yarda da ita ba, wato gonar da ya ce ya saya, rabonta ce ta gado ya riƙe. Aka mayar wa 'ya'yanta gonar, aka rufe adakar, kowa ya yi gum. Na yi niyyar in koma in kwafe takardun, in kuma zauna da matarsa in ji yadda mutum ɗaya ya haɗa waɗannan halaye biyu. Aikin makaranta ya sha kaina, yau da gobe, har ambaliyar watan Satumba na 2010, wadda ta ci ƙauyuka da dama a Goronyo da Wurno, ta rushe ɗakin da adakar take. Matar tasa ma ta rasu bayan 'yan shekaru ban je ba. Abin da jikokinsa suka sani game da shi yanzu shi ne abin da muka faɗa a kan tabarma.

Na san abin da wasu za su ce, domin wani abokin aikina malamin addini ya taɓa faɗa mini shi ƙarara: wannan tonon asiri ne, giba ce, kuma cin naman mamaci ya fi na rayayye muni tun da ba ya nan balle a nemi gafararsa. Maganarsa tana da ƙarfi, kuma ita ce ma ta sa na ce ƙagaggen labari ya fi dacewa. Modou Fall ba shi da kabari a Dakar, ba shi da jikokin da za su ji kunya a kasuwa. Marubuciyar ta ƙaga shi ne daga maza da yawa da ta gani, ta ba shi sunan da ba na kowa ba, don haka ta sami damar faɗin gaskiyar halin ɗan'adam ba tare da ta keta rigar mutuncin wani ba. Mai rubuta tarihin Sardauna ko na Sarkin Musulmi Bello ba shi da wannan dama, kuma bai kamata ya neme ta ba. Bugu da ƙari, akwai bambanci tsakanin mai tono don ya kunyata da mai bincike don ya fahimta. Ɗan da ya gano dalilin da ya sa ubansa ya zama mai tsanani ya fi kusa da yafe masa da yi masa addu'a da zuciya ɗaya fiye da wanda ya binne fushinsa tare da gawar.

Idan muka waiwayi namu ƙagaggun labaran, za mu ga yawancinsu gaba suke tafiya. Tun daga littattafan gasar 1933, tauraro yakan fita yawon duniya ya dawo da nasara. A cikin adabin kasuwar Kano, wanda ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, galibi aure ne zangon ƙarshe, mutuwa kuwa takan zo ne a matsayin sakayya ga azzalumi ko hanyar kawar da wanda ya tare wa masoya hanya. Wanda ya fi kusa da abin da nake nufi shi ne Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Waiwaye ne daga farko har ƙarshe, akwai rashi da rabuwa, akwai uwar da ta ƙetare hamada tana neman ɗanta, ta gan shi, ta cika. Sai dai Shaihu da ransa yake ba ɗalibansa labarin kansa. Zubin da nake kwaɗayin gani ya yawaita shi ne wanda zai fara daga ranar jana'iza ya koma baya, rayayye yana tattara guntattakin rayuwar mamaci daga bakin mutanen da maganarsu ta saɓa wa juna, yana auna wa zai gaskata. Kayan aikin kuwa ga su nan zube. Madatsar ruwa ta Goronyo kaɗai, wadda aka kammala a 1984, ta sauya wa dubban manoma da masunta da makiyaya tsarin rayuwa, kuma da yawa daga cikin dattawan da suka san yadda fadamar take kafin ta sun riga mu gidan gaskiya.

Ku da za ku shiga aji gobe kuna da rawar takawa, tun da marubucin jibi a gabanku yake zaune. Idan kun zo koyar da marsiyya, ku haɗa ta da taƙaitaccen labarin Ramatoulaye, ku bar ɗalibai su faɗi abin da kowanne ya bayyana da abin da ya rufe. Ku sa su rubuta wasiƙar da Binetou za ta rubuta da an ba ta alƙalami. Sannan ku ba su aikin hutu: kowa ya zaɓi wani dattijo ko dattijuwa da ta daɗe da rasuwa a unguwarsu, ya tambayi mutum uku da suka san ta, ya rubuta abin da kowanne ya ce, ya sa alama a inda suka saɓa. Daga nan ya sauya suna da gari da sana'a, ya gina gajeren labari. Ku kiyaye abu biyu. Kada ku tilasta wa yaron da bai daɗe da yin rashi ba ya taɓa mikinsa, ku bar shi ya zaɓi wani can nesa. Kuma takardar tambayoyin da ke ɗauke da sunayen gaskiya kada ta shiga hannun kowa sai malami, a mayar wa ɗalibi abinsa da zarar an duba, labarin da aka sauya wa suna shi kaɗai za a karanta a gaban aji.