Ɗan Zakka Da Ƙofar Makarantar Hafsoshi

Kowace shekara Makarantar Horon Hafsoshin Soja ta Kaduna, wadda aka fi sani da NDA, takan yi shela ta ce duk saurayi ko budurwa mai son zama hafsa ya nemi shiga. Shelar takan kai Katsina, ta kai Funtuwa da Daura da Malumfashi, iyaye su sayi fom, yara su shiga shiri. To, tambayar da muke so mu ɗora a gaban Gwamnati a wannan mako ita ce: shin wannan shela har da ɗan Zakka ake yi wa? Har da yaran ƙauyukan Safana da Batsari, waɗanda aka rufe musu makaranta, suka koma karatu a zaure da ɗakin uwa, a hannun wa ko kawu ko wani malamin da gudun hijira ya jefo garinsu?

A bisa takarda, i, har da su. Lalle mu faɗi wannan tun da farko, domin iyaye da yawa ba su sani ba. Abin da makarantar ke dubawa shi ne sakamakon jarrabawa: kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi, waɗanda aka samu a zama ɗaya ko biyu, kada su wuce haka. Hukumar WAEC da ta NECO kuwa duk suna da jarrabawar da suke shirya wa masu zaman kansu, watau waɗanda ba wata makaranta ce ta gabatar da su ba. Saboda haka yaron da ya yi karatunsa a gida yana iya biyan kuɗi ya zauna ta, in ya ci, takardarsa takarda ce. Daga nan sai ya zauna jarrabawar JAMB, ya sa NDA a zaɓinsa na farko, ya cika fom ɗin makarantar ta intanet. In makinsa ya kai sai a kira shi jarrabawar tantancewa, in ya tsallake wannan kuma sai ya tafi Kaduna gaban kwamitin zaɓe na sojoji, a auna tsawonsa, likita ya duba shi ciki da waje, a sa shi gudu, a yi masa tambayoyi baki da baki. Namiji sai ya kai mita 1.68, kuma ba a ɗaukar mai aure. Ƙa'idar ke nan, ba mu kuwa ce ta yi tsanani ba. Wanda za a ba amanar rayukan kurata ɗari dole a tankaɗe shi a rairaye.

Amma fa bari mu bi wannan hanya da ƙafar ɗan talakan Zakka, mu ga inda za ta kai shi.

Da farko, ba shi ya zaɓi zaman gida ba. A Amurka akwai iyayen da kan cire 'ya'yansu daga makaranta da gangan su koyar da su a gida, don ra'ayinsu na addini ko na tarbiyya. Namu ba haka ba ne. Ƙasar Safana da Batsari tana bakin Dajin Rugu, kowa kuwa ya san abin da ke fitowa daga wannan daji shekara da shekaru. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum talatin a Tsauwa da Dankar ta ƙasar Batsari a hari guda. A ran 11 ga Disamba na wannan shekara aka kwashe yara fiye da ɗari uku daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, Gwamnatin Jiha ta amsa da rufe makarantun kwana. A Nuwamba 2025, bayan satar ɗalibai a Maga ta Jihar Kebbi da Papiri ta Jihar Neja, aka sake rufe makarantu. Tsakanin waɗannan manyan rufe-rufe da jaridu ke bugawa akwai ƙananan da ba mai bugawa: malamin da aka tura ƙauye ya ƙi zuwa don yana son ransa, ajin da 'yan gudun hijira suka shimfiɗa tabarmi a ciki, uban da ya hana ɗansa bin hanyar da aka tare jiya. Ba mu zargin kowa da ya tsira da ransa. Amma hukumar da ta kasa tsare makaranta, ta sa mata kwaɗo, ita ce ta mai da yaron nan ɗalibin gida, kuma ita ke da alhakin abin da ya biyo baya.

To, ya dage ya yi karatu a gida. Wa zai koya masa Lissafi na ajin ƙarshe? Wa zai koya masa kimiyya, ba ɗakin gwaji, ba ko kwalba guda? A ce Allah ya haɗa shi da mai koya masa. Sai kuɗin jarrabawa. Gwamnatin Katsina takan biya wa ɗaliban makarantunta kuɗin jarrabawar fita. Madalla. Amma yaron da ke zaure ba ya cikin rajistar kowace makaranta, saboda haka shi ubansa ne zai biya, uban da aka kore wa shanu, ko aka hana shi noma gonarsa ta nesa, ko ya sayar da ita ya fanso matarsa. Watau ɗan da ke cikin birni lafiya lau, makarantarsa a buɗe, shi ake biya wa. Wanda aka rufe wa makaranta shi ne zai biya wa kansa. Wannan wane irin lissafi ne? Jarrabawar masu zaman kansu kuma ba a kawo ta ƙauye, sai manyan garuruwa, ba kuma a yini guda ake gama ta ba, makonni take ɗauka. Kuɗin mota, wurin kwana, abin sa wa a baka, duk a wuyan talaka.

Sa'an nan ga JAMB. Tun 2015 ba a rubuta ta da alƙalami, sai a kwamfuta. Tun 2021 ba a yi wa yaro rajista sai da lambar ɗan ƙasa, kuma matakin farko shi ne ya aika da saƙon waya a ba shi lambar shiga. A watan Satumba na wannan shekara ta 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku na Jihar Katsina, har da Safana da Batsari, aka bar su haka wata da watanni. An ce don tsaro aka yi. To, mun ji. Amma ku dubi yadda hannun dama na Gwamnati ke cewa komai sai ta waya, hannun hagu kuma yana yanke wayar. An maido da layin daga baya, amma ba a maido wa yaron watannin da ya rasa ba. Ga shi kuwa ƙa'idar shekarun shiga NDA matsattsa ce ƙwarai, 'yan shekaru ne tsakanin ƙarshen goma sha da farkon ashirin. Wanda hargitsi ya cinye wa shekara uku, kafin ya haɗa kiredit biyar ƙofa ta rufe, ba ta kuwa sake buɗewa.

A ce duk ya haye waɗannan. Ranar da ya isa Kaduna za a ce ya baje takardunsa: ta haihuwa, ta shaidar asalin ƙaramar hukuma, da takardun shaida daga makarantun da ya yi. Ina ɗalibin zaure zai samo shaidar shugaban makaranta? A nan ne ake koya wa yaro mai gaskiya hanyar banza, a ce ya je wata makarantar kuɗi a birni a buga masa takarda cewa ya yi shekara shida a can, alhali bai taɓa ganin ƙofarta ba. Haba jama'a! Wanda muke so ya zama hafsa mai amana, darasinsa na farko ya zama sayen takardar ƙarya?

Wani zai ce, ai kowace jiha tana da kasonta a NDA, ba a tauye Katsina ba. Gaskiya ne, kuma wannan kaso yana da tarihi. A 1961, zamanin da Muhammadu Ribaɗu ke Ministan Tsaro, aka tsai da cewa rabin masu shiga horon hafsa su fito daga Arewa, kashi ɗaya cikin huɗu daga Gabas, ɗaya cikin huɗu daga Yamma. Hujjar da aka kafa ita ce Arewa ta makara a karatun boko, in aka bar abin ga jarrabawa kaɗai ba za ta sami hafsoshi ba. A lokacin har manyan Gwamnati ke bin makarantun sakandare suna lallashin yara su shiga soja. Ta wannan ƙofa Muhammadu Buhari ya fito daga Sakandaren Lardin Katsina ya shiga kwalejin horon soja ta Kaduna a 1962, wadda aka mayar NDA a 1964. Shehu Musa 'Yar'aduwa ma a wannan zamani ya shiga. Tsarin Mulki na 1999, sashe na 217, ya nanata cewa jerin hafsoshi lalle ya nuna fuskar ƙasa duka.

To, in hujjar nan ta yi wa Arewa aiki a gaban Kudu, me ya hana ta yi wa Zakka aiki a gaban birnin Katsina? Jihar tana da ƙananan hukumomi 34. Ana buga sunayen waɗanda aka ɗauka jiha jiha, amma mu muna so Gwamnatin Katsina ta fito ta gaya wa jama'a, cikin shekara goma da suka wuce, nawa ne daga Safana, nawa daga Batsari, nawa daga Ɗanmusa da Jibiya. Kuma cikin waɗanda ke riƙe da takardar asalin waɗannan wurare, nawa ne suka taɓa kwana a can? Gama kowa ya san yadda takardar asali ke tafiya: ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi, bai san hanyar garin kakansa ba, ranar neman gurbi sai ya tuna shi ɗan ƙauye ne. Ba mu ce a hana shi ba, ɗan ƙasa ne. Amma kason da aka yanka don wanda aka bari a baya, in kullum wanda ke gaba ke cinye shi, to sunansa kawai ya rage.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne ƙasar ce ke asara, ba yaron kaɗai ba. Mutanen wannan yanki ba baƙin yaƙi ba ne. Ƙasar Ruma ce, inda har yau ake ba da labarin jaruntakar Ɗanwaire. Yaron da ya tashi a bakin Rugu ya san dajin, ya san lokacin da rafi ke cika, yana jin Hausa, sau da yawa har da Fulatanci, ya san wanda ke kiwo da wanda ke fakewa da kiwo. A 2023 da Gwamnatin Jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma, ai irin waɗannan samari ta ɗiba, don ta san amfaninsu. Ashe sun isa a ba su bindiga da babur a tura su gaba, amma ba su isa a share musu hanyar da za su ɗaura igiyar hafsa a kafaɗa ba? Talaka ya yi kurtu, ɗan gata ya yi hafsa: wannan tsohon rabo ne, tun na zamanin Turawa, bai kuwa kamata a ce yana nan ba. Su kansu hafsoshin sun ɗanɗana abin da muke faɗi, domin a ran 24 ga Agusta 2021 'yan bindiga sun shiga harabar NDA ɗin kanta a Afaka, suka kashe hafsa biyu, suka tafi da ɗaya.

A Amurka, makarantar hafsoshinsu ta West Point, wadda aka kafa tun 1802, tana karɓar yaran da suka yi karatu a gida, ta kuma bayyana abin da take so daga gare su: bayanin darussan da aka koya musu, sakamakon jarrabawar ƙasa, shaidar wasannin motsa jiki da ta mutanen da suka san su. Ba ta sassauta musu ma'auni ba, hanya kawai ta nuna. Abin da muke nema ke nan. Hukumar NDA ta rubuta a cikin shelarta, da Hausa ma a karanta a rediyo, cewa mai jarrabawar zaman kansa yana da hakkin nema, kuma in ba shi da shaidar makaranta, shaidar hakimi da ta jami'in ilimi na ƙaramar hukuma ta wadatar. Ta kuma duba batun ƙarin shekara ɗaya ko biyu ga 'yan ƙananan hukumomin da hukuma da kanta ta rufe wa makarantu. Wannan na Tarayya ne, kuma aikin 'yan majalisar da muka tura Abuja ne su tashi su faɗe shi, in har sun tuna inda suka fito.

Na Jiha kuwa ya fi sauƙi, ba ya bukatar izinin kowa. A ƙidaya yaran da suka kai ajin ƙarshe karatu ya yanke musu, dagatai da masu unguwa sun san su ɗaya ɗaya. A biya musu kuɗin jarrabawar zaman kai kamar yadda ake biya wa na makaranta. A buɗe ajin shiri a garin Safana da na Batsari, da malaman Lissafi da Turanci da kimiyya, da kwamfutoci ko ashirin ne, don kada yaro ya fara taɓa na'urar a ranar jarrabawa. Tun 2011 akwai Jami'ar Tarayya a Dutsin-ma, maƙwabciyar Safana, cike da malamai da ɗalibai. Me zai hana a nemi hannunsu? An kuma kafa hukumar ƙasa ta almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta a 2023. In ba ta san hanyar Zakka ba, a nuna mata.

Ku kuma iyaye, kalma biyu gare ku. Karatun allo tushe ne, yaron da ya sauke Alƙur'ani ya riga ya koyi haƙuri da horon kai da ake nema a bariki, amma ba ya maye gurbin Lissafi da Turanci a gaban kwamitin Kaduna, kada wani ya ruɗe ku. Kada kuma ku ba kowa ko sisin kwabo don ya ce yana da hanya a NDA; masu wannan sana'a sukan yawaita a lokacin fom, kuma gidan mai neman mafita suke fara zuwa. Ku nemi takardar haihuwa da lambar ɗan ƙasa tun yaro yana ƙarami, ku tabbata suna da ranar haihuwa iri ɗaya ne a kowace takarda, gama saɓanin harafi guda ya isa a sallamo shi daga Kaduna bayan duk wahalar nan. 'Ya'ya mata ma an fara ɗaukarsu tun 2011.

Za mu aika wa Ma'aikatar Ilimi ta Jiha da tambayar nan ta yawan 'yan Safana da Batsari da suka shiga NDA. In amsa ta zo za mu buga ta a wannan shafi yadda take, in ba ta zo ba za mu buga cewa ba ta zo ba.