A Kai Jigo Da Sikeli Cikin Aji

Duk wanda ya bi babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero da Jega da Maiyama ta nufi Yawuri a lokacin kakar albasa, zai ga abin da ya isa a cika littafin kimiyya guda. Zai ga 'yan dako sun jingina katako ga bayan mota suna hawa da buhuna, yara na tura baro, mai awo na daidaita sikeli, bakanike kuma ya kafa jak ya ɗaga motar da ƙarti 20 ba su iya ɗagawa. In ya gangara fadama zai ji kukan injin ban-ruwa. In kuwa ya zauna da dattawa za su ba shi labarin jigo, wanda da shi aka shayar da lambuna tun kafin inji ya zo ƙasar nan.

Duk waɗannan abubuwa su ne ake koyarwa a makaranta cikin darasin ƙarfi da motsi da ƙananan na'urori. Amma abin takaici, yaron da ya tashi cikin wannan aiki, ranar da aka zo darasin sai ka gan shi ya yi tsuru kamar baƙo. Ya haddace kalmomin Turanci, ya zuba su a takardar jarrabawa, ya fito ya manta, bai taɓa sanin cewa abin da malam ya zana a allo shi ne jigon kakansa ba. Mu a ganinmu babban dalilin wannan shi ne rashin tsayayyun kalmomin Hausa da malami zai yi bayani da su, kuma lokaci ya yi da za a yi maganin abin.

Bari mu ɗauki jigon nan misali. Doguwar sanda ce aka ɗora bisa madogara, guga a kai ɗaya, curin laka ko dutse a ɗaya kan. Ƙa'idar da ke tafiyar da shi ita ce wadda masanin nan na Girka, Arkimidas, ya bayyana fiye da shekara 2,200 da suka wuce, watau gwargwadon nisan hannunka daga madogara, gwargwadon sauƙin ɗagawa. A ce ƙarfe ne mai tsawon mita 2, aka sa madogara santimita 20 daga kaya. Ɓangaren hannu ya zama santimita 180, ya ninka na kaya sau 9, saboda haka da ƙarfin ɗaga kilo 10 za a ɗaga dutse mai kilo 90. Haka sikeli yake, haka baro, haka almakashi. Katakon 'yan dako ma lissafinsa a fili yake: in tsawonsa mita 4 ne, bayan motar kuma mita 1 daga ƙasa, to kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin ake bukata, in an cire abin da gogayya ta ci. Abin da aka rage na ƙarfi an biya shi da tsawon tafiya, don kuwa na'ura ba ta ba da kyauta. Wane yaro ne a Maiyama zai kasa fahimtar wannan in an faɗa masa da harshen da yake mafarki da shi?

To, amma fa kada a ɗauka aikin fassara ce kawai. Harshen kasuwa yana da yalwa, kimiyya kuwa tana son kowace kalma ta tsaya kan ma'ana ɗaya. Dubi kalmar ƙarfi. Da ita muke faɗin turawa ko ja da ke sa abu ya motsa, da ita muke faɗin kuzarin da ke cikin man fetur, da ita kuma muke faɗin yawan aikin da inji ke yi cikin daƙiƙa. A kimiyya waɗannan abubuwa uku ne dabam, kowanne da ma'auninsa. Dubi kuma nauyi. Buhun da ya yi kilo 60 a kasuwar Jega, in da za a kai shi duniyar wata, wanda ya ɗauke shi zai ji kamar kilo 10, alhali ko albasa ɗaya ba ta ragu ba. Ashe ke nan yawan abin da ke cikin buhu dabam, jan da ƙasa ke yi masa dabam, amma mu kalma ɗaya muke da ita. Har ila yau sau da yawa akan ji ana kiran wannan ja da sunan maganaɗisun ƙasa, wanda kuwa kuskure ne, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, ƙasa kuwa tana jan ƙarfe da ruwa da auduga baki ɗaya. Muddin kowane malami yana ƙirƙiro tasa kalma, to yaron da ya sauya makaranta daga Jega zuwa Aliero sai ya sake sabon karatu.

Wani zai ce wannan gardamar malamai ce, ina ruwan talaka? Ruwansa babba. Manomin da zai sayi injin ban-ruwa ana gaya masa ƙarfin doki kaza ne, ya biya kuɗi bai san me ake nufi ba. Ƙarfin doki ɗaya shi ne ɗaga wajen lita 75 na ruwa tsawon mita 1 cikin daƙiƙa 1. Wanda ya san haka ya san cewa in zurfin da za a ɗago ruwa ya ninka, ruwan da injin zai bayar sai ya ragu ƙwarai, ba zai zargi mai kanti ko bakanike a banza ba. Direban da ya san cewa in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yana ninkawa huɗu, zai yi tunani kafin ya shigo gari a guje. Mai lodin da ya san dalilin da ke sa mota mai tulin kaya a sama ta kife a kwana, zai sa masu nauyi a ƙasa. Ilmin nan yana tsare dukiya, yana tsare rai.

Ba yau aka fara wannan ƙoƙari ba. Tun kafin samun mulkin kai Rupert East da Alhaji Abubakar Imam suka rubuta littattafan Ikon Allah, suka nuna cewa Hausa tana ɗaukar bayanin halitta ba tare da ta yi nishi ba. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya soma gwaji a Jami'ar Ife, inda aka koyar da yara dukan darussa da Yarbanci shekara 6, har da lissafi da kimiyya, yaran kuma suka yi zarra ba tare da Turancinsu ya raunana ba. Tsarin ilmi na ƙasa na 1977 ya amince da harshen gida a farkon firamare, a shekarun 1980 kuma aka buga kundin kalmomin kimiyya da lissafi na firamare cikin harsunan Nijeriya 9, har da Hausa. Abin tambaya shi ne, malamai nawa ne a ƙauyukanmu suka taɓa riƙe wannan kundi a hannu?

Mun sani cewa Gwamnatin Tarayya, wadda a 2022 ta tsai da shawarar koyarwa da harshen gida a dukan shekarun firamare, ta janye wannan shawara a watan Nuwamba na 2025, ta mai da Turanci harshen koyarwa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka kayar da tsarin shi ne rashin littattafai da malaman da aka horar, watau an ɗora kaya kafin a sayi jaki. Amma ko ana koyarwa da Turanci, kowa ya san malamin ƙauye in ya ga idon yara ya yi fari sai ya juya zuwa Hausa. Tun da haka ne, gara a ba shi kalmomi ingantattu da a bar shi yana lalube. Mu ba mu ce a yar da Turanci ba, da shi ake jarrabawa, da shi ake karatun jami'a. Cewa muka yi wanda ya fahimci abu da harshensa, sanya masa sunan Turanci ba wuya.

Alhamdu lillahi, maganin yana kusa. A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi, wadda aka kafa a 2006, yanzu kuma take ɗauke da sunan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, malamin da ya yi rubutu da Larabci bai kuma raina harsunan jama'arsa ba. Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Ilmi ta jiha da ta haɗa malaman kimiyya na wannan jami'a da masana Hausa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Jami'ar Bayero, a kafa ƙaramin kwamiti. Aikinsa na farko shi ne ya fita daga ofis. Ya zauna da maƙera da kafintoci da bakanikai da masu gyaran inji a kasuwar Jega, da masunta da masu tuƙin jirgi a bakin gulbi, da kuma masu ɗori na Aliero, waɗanda sunansu ya kai nesa, suna kuma da kalmominsu na ja da miƙewa da ɗaurewa. Abin da jama'a ke da suna a kansa, a bar masa sunansa. Inda babu, a ƙirƙira ko a ara, a tsai da magana ɗaya.

Bayan haka a buga ɗan littafi mai araha, kalmomi 200 ko 300 sun isa a fara, kowace da takwararta ta Turanci da zane da misali daga gona ko kasuwa. A raba shi ga makarantun ƙananan hukumomin Jega da Aliero da Maiyama don gwaji, a tara malamai lokacin hutu a nuna musu yadda za su yi aiki da shi, gidan rediyon jiha kuma ya riƙa karanta shi. Bayan shekara 2 ko 3 a auna sakamakon yaran da na sauran makarantu, a bayyana wa jama'a gaskiyar abin da aka gani, ko mai daɗi ko marar daɗi. Kuɗin wannan aiki bai kai na ginin ajujuwa kaɗan ba.

Su ma iyaye da sarakuna da masu sana'a akwai nasu. Makarantar da ba ta da ɗakin gwaji ba ta rasa sanda da igiya da guga da dutse. Kafinta ɗaya ya isa ya kafa jigo a filin makaranta cikin yini guda, maƙeri ɗaya ya isa ya nuna wa aji dalilin da ya sa gatari mai kaifi ya fi dakusasshe shiga itace. Da abin hannu akan fara, kafin na nesa ya iso.

Jihar da ta gina jami'ar kimiyya a tsakiyar gonakin albasa ta riga ta ɗauki alkawarin cewa 'ya'yan manoman nan za su shige ta. Hanyar shigarsu tana farawa ne daga ajin firamare, ranar da yaro ya dubi zanen allo ya gane jigon gidansu. Allah ya sa hukuma ta ji, ya kuma ba ta ikon aikatawa, amin.