Kowane Manomi Ya Zama Ɗan Kwastan Gonarsa

A ƙasar Niyu Zilan, watau tsibiran nan da ke gabas da Ostareliya, akwai wata doka wadda ya kamata manomin Gubuchi ya ji labarinta. Masu hali a ƙasashen Turawa sukan hau ƙananan jiragen ruwa na yawon shan iska, su yi makonni bisa teku suna bin ƙasashe. To, in irin wannan jirgi ya nufi Niyu Zilan, tilas ne mai shi ya aika da sanarwa aƙalla awa 48 kafin ya iso. Sa'ad da ya iso kuwa sai ya ɗaga tuta rawaya, alamar yana jira a zo a duba shi, ya tsaya a tashar da aka keɓe, kamar ta garin Opua. Ba mai sa ƙafa a tudu sai ma'aikatan kwastan da masu tsaron lafiyar shuke-shuke da dabbobi sun shiga sun bincika.

Binciken nan ba na wasa ba ne. Sukan buɗe wurin ajiye abinci. In sun sami ɗanyen nama, ko ƙwai, ko zuma, ko 'ya'yan itace, ko iri, sai su karɓe a hallaka. Sukan duba ko akwai ƙasa manne a takalmi. Har gindin jirgi ana so ya zo a wanke, kada wata halittar ruwa ta laƙe ta biyo shi. Wanda bai san dalili ba sai ya ce tsananin ya yi yawa. Amma arzikin ƙasar a kan noma da kiwo yake, sun kuwa san ƙwaro ɗaya cikin lemo ɗaya ya isa ya tsiyata dubban gidaje.

Gubuchi ba ta da teku, ba kuwa jirgin ruwan da zai zo Makarfi. Amma abin da mutanen can ke gudu ya riga ya sami mutanen nan. Duk mai noman rani a Ikara da Kudan da Makarfi yana tune da 2016, shekarar da tsutsar tumatir ta ƙone fadamu kamar an sa wuta, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir cikin watan Mayu. Masana suna kiranta Tuta absoluta, manoma kuwa suka sa mata suna sharon. Asalinta Amurka ta Kudu. A 2006 aka fara ganinta a Sifen, daga nan ta ƙetara Afirka ta Arewa, ta gangaro har ta iske Nijar da Najeriya. Yawancin tafiyar nan a cikin tumatir da dashe da kwanduna ta yi ta. Ƙwaron da ke haifarta yakan saka ƙwai sama da 200, tsutsar kuma cikin naman ganye take shiga, shi ya sa feshi ba ya samunta sosai.

Ba ita kaɗai ba ce. A farkon 2016 ɗin nan aka fara ganin tsutsar masara a kudu maso yammacin Najeriya, ita ma baƙuwa daga nahiyar Amurka, ga ta nan har yau tana cin zuciyar masara kowace damina. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a wata gonar kaji kusa da Jaji a 2006. In aka koma can baya, ciwon bushiya ya shigo ne a 1887 tare da shanun da sojan Italiya suka sauke a tashar Masawa ta Eritiriya. Cikin 'yan shekaru ya iso ƙasar Hausa ya kashe mafi yawan shanun Fulani, ba a kuwa tabbatar da ƙarewarsa a duniya ba sai a 2011. Ta jirgin ruwa ya shigo, aka yi shekara 124 ana fama.

Najeriya tana da hukumar da aka ɗora wa wannan aiki, watau NAQS, mai duba tsirrai da dabbobi a filayen jirgin sama da tashoshin ruwa da kan iyaka. Lalle ya kamata Gwamnati ta ƙarfafa ta a Jibiya da Illela da Maigatari da filin jirgin Kano. Wasu za su ce iyakar Arewa ta yi tsawo, hanyoyin daji sun yi yawa, malam-buɗe-littafi kuma ba ya tsayawa a shinge. Gaskiya ne. Amma da wuya ƙwaro ya ƙetare babban teku da fikafikansa, yawanci mutum ke ɗauko shi. Ko an kasa hana shi shiga ƙasa, ana iya hana shi shiga gona, ko a jinkirta shi har a sami magani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka shinge na ƙarshe shi ne bakin gonar manomi, shi ne kuwa ma'aikacin wurin. Mai sayen dashen tumatir ko barkono ya juya ganye ya duba. In ya ga farin zane kamar an bi da allura, ya bar shi ko da kyauta ne. Kwandon da ya dawo daga Legas ko Fatakwal kada a shiga da shi fadama sai an kakkaɓe an shanya shi a rana. Mai dasa rake, wanda shi ne tinƙahon ƙasar Makarfi, ya je da kansa ya ga gonar da za a saro masa iri. Akwai cutar da ke fitar da baƙar bulala a kan rake, cikin iri take tafiya. In ta fito, a rufe bulalar da buhu, a tumɓuke gindin duka a ƙone. Wanda ya sayo sa ko tunkiya ko kaji daga kasuwa ya ware su mako uku kafin ya gama su da na gida. Alhazai da fatake kuma su daina ƙunso iri a bakin zane domin sun ga ya yi kyau a wata ƙasa. In ana so, a nuna shi ga ma'aikata a tasha.

Abu na ƙarshe, kada manomi ya ɓoye baƙon ƙwaro don kunya ko tsoron faɗuwar kasuwa. Ya sa shi a kwalba ya kai wa malamin gona, shi kuma ya aika Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya ba nisa. Mai jirgin can yakan yi hasarar kwalbar zuma da rabin yini. Manomin Gubuchi in ya yi sakaci, wahalar shekara ce za ta tafi, tasa da ta maƙwabcinsa.