Ba wasan banza muke yi da ƙwari ba

Mu ɗaliban aji na ƙarshe muna da magana da iyayenmu, kuma muna roƙon a yi mana uzuri in mun yi tsaurin ido.

Tun damanar bana wasu daga cikinmu suka fara ɗaukar hoton ƙwari da salular yayyensu. Akwai wani ɗan gilashi mai araha da ake maƙala wa idon salula, shi ke kumbura ƙaramin abu har ka ga gashin ƙafar ƙuda. Mutane suka riƙa ganinmu duƙe a gindin gero, ana cewa yaran nan sun rasa aikin yi. Wasu iyaye har sun hana. Mu dai a ganinmu hanin nan kuskure ne.

Aikin ba sauƙi gare shi ba. Sai da sassafe, bayan sallar asuba, lokacin da raɓa ba ta bushe ba kuma sanyi ya kashe wa ƙwaron jiki. Ka kafa gwiwar hannu a ƙasa, ka riƙe numfashi, ka matsa a hankali kada inuwarka ta faɗa masa. Hoto goma, da ƙyar ɗaya ya fito. Wallahi ko a hadda ba mu taɓa natsuwa haka ba, Malam ya yi haƙuri.

To me muka samu? Da farko ƙirga. Ƙwaro ƙafa 6 gare shi, gizo-gizo 8, ashe ba dangi ɗaya ba ne. Ƙuda fiffike 2, kudan zuma 4. Sauron da ke kawo masassara kuwa, in ya sauka bango yakan ɗaga bayansa sama, sauran sukan kwanta daidai da bangon. Da can duk sauro sauro ne a wurinmu.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na gona. Kowa a nan ƙasar Maraɗi ya san tsutsar da ke cin zangarniyar gero, tana barin hanya a murɗe kamar an zana. Ashe tana da maƙiyi, wani ɗan mitsitsin zanzaro da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Yakan harbi tsutsar ta sandare, ya saka ƙwai a jikinta, ƴaƴansa su cinye ta. Ma'aikatan INRAN suna kiwonsa, ana kai shi gonaki cikin ƙananan buhunna. Kun ga wanda bai san shi ba, in ya ɗauko magani ya fesa, ya kashe ɓarawo tare da mai gadi. Da ido kawai ba ka bambanta shi da ƙwaron banza. A hoto ne muka fara ganin siffarsa sosai.

Masu cewa salula tana ɓata yaro ba ƙarya suka yi ba, mu ma mun ga waɗanda ta ɗauke wa hankali. Sai dai ai ba a haɗa mai kallon shirme da wanda ya duƙa yana duban halittar Allah. Mu da ke karanta Suratun Nahli da Suratun Namli, bai kamata a ce ba mu taɓa kallon zuma da tururuwa da kyau ba.

Inda muka gaza shi ne sunaye. Mun san buzuzu, ƙoƙi-ƙoƙi, gyare, babe da malam-buɗe-littafi, daga nan sai mu ce "wani ƙwaro". Ran nan muka nuna wa wata kaka hoton fara iri uku, nan take ta ba kowace sunanta, ta faɗa mana wadda ake soyawa da wadda ba a ci. Mu kuwa ko alƙalami ba mu je da shi ba.

Shi ya sa muke roƙon abu biyu. A bar mana salula safiyar Alhamis da ba karatu, babba ɗaya ya raka mu. Kakanni kuma, in mun zo da hotuna da littafin rubutu, don Allah kada a kore mu.