Mun Tanadi Rago, Mai Jego Fa?

Ya ku 'yan'uwa talakawa da 'yan kasuwa, yau da magidanta muke. Mace tana da ciki, maigida yana kiwon ragon suna, yana tanadin goro da atamfar fitar suna. Amma tambaye shi kuɗin motar da za ta kai ta asibiti in naƙuda ta tashi da tsakar dare, sai ya kama sosa ƙeya. Assha!

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata wajen 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da rubu'in na duniya duka. Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa 2. Doguwar naƙuda kuwa ita ke kai 'ya'yanmu asibitin Babbar Ruga a Katsina da yoyon fitsari. Shin ina amfanin rago in an raɗa suna ana zaman makoki?

To, ga shawara. A bar mace ta je awo tun ciki yana ƙarami. A ware kuɗin mota kafin na rago, ko da adashi za a shiga. A shirya da direba, a san ɗan'uwan da zai ba da jini. Mai fita fatauci ya bar izini a gida, kada a zauna jiransa jini yana zuba. Bayan an sauka, in mai jego ta kumbura, ko tana haki, ko zazzaɓi ya kama ta, a bar kunun kanwa a nufi likita.

Jariri ba ya tsotson rago, jama'a. Kunne ya ji, jiki ya tsira.