Hawan Jini Da Shanyewar Ɓarin Jiki A Ƙasar Funtua Da Malumfashi

Ran 29 ga watan Oktoba na kowace shekara ita ce ranar da duniya ta keɓe don faɗakarwa a kan ciwon shanyewar ɓarin jiki. A ƙasar Funtua da Malumfashi ranar nan tana faɗowa tsakiyar kaka, sa'ad da ake karyar masara, ana shirin ɗibar auduga. Magidancin da ciwon ya kayar a wannan lokaci, shi da iyalinsa da amfanin shekara duk sun shiga haɗari.

Mutane da yawa sukan ce bugun iska ne, ko sammu. Amma likitoci sun tabbatar a ƙwaƙwalwa ciwon yake, kuma iri biyu ne: ko gudan jini ya toshe jijiya, ko kuwa jijiyar ta fashe, jini ya malala. Cikin shekarar 2018 an buga sakamakon wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na koyarwa na Kano da Zariya. Cikin majiyyata 2,118, kashi 68 bisa ɗari toshewa ce, 32 fashewa. Babban sanadi shi ne hawan jini, har aka kimanta wajen tara cikin goma na ciwon suna rataye da shi. Sa'an nan akwai kitse cikin jini, da ciwon sukari, da yawan cin nama, da ƙarancin cin ganye, da shan taba.

To, hawan jini kuwa ba ya sallama. Mutum yana noma da ƙarfinsa, alhali awonsa ya wuce 140 bisa 90. Sai an auna ake sani, wanda aka ɗora wa magani kuma kada ya bari don ya ji sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da na dunƙulen miya. Zogale da rama da alayyahu kuwa ga su a bayan gida.

In baki ya karkace farat ɗaya, ko hannu da ƙafa na gefe guda suka saki, ko harshe ya yi nauyi, sai a garzaya Babban Asibitin Funtua ko na Malumfashi, daga can in da bukata a wuce Shika. Kada a ɗura wa majiyyaci kome, don haɗiya takan gagara, abin ya zarce huhu. Maganin narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi yake amfani, bayan an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa.

Malaman makaranta da akawuna, ku ne ake jin maganarku a ƙauye. Ku fara auna naku, sa'an nan ku ja iyayen yara da masu unguwa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.