Daga Bakin Tabarma: Bayan an yi gumi, sai me?

   

Mata da yawa cikinmu nan Gaya sun ɗauki shawarar likita sun fara fita tattaki, wasu da sassafe, wasu bayan la'asar. Akwai masu hawan jini, wato tansiyo, akwai masu ciwon sukari, akwai waɗanda jiki ya yi wa nauyi. Abu ne mai kyau ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Amma sai ki ga mace ta fara da zafinta, bayan sati biyu ta daina. In kin matsa mata, sai ta ce miki a kunne: "Yaya, warin gumi ne ya ishe ni, ga ƙaiƙayi ƙarƙashin mama, ga ƙuraje." Kunya ta hana ta faɗa a taro, ta gwammace ta zauna gida tansiyo yana hawa. To, abin da kunya ta hana a faɗa shi za mu faɗa yau.

Kuma kada wata ta ce ita ba ta tattaki, maganar ba ta shafe ta ba. Wadda ta daka gero, wadda ta ja ruwa a rijiya, wadda ta wuni duƙe a fadama tana dashen shinkafa, wadda ta ɗauko tiren muruci ko rake ta zaga gari, duk sun motsa jiki, kuma gumin iri ɗaya ne.

Daga ina warin yake fitowa?

Gumi rahama ne. Da shi jiki yake sanyaya kansa, kamar yadda randa ke tsattsafo ruwan cikinta ya yi sanyi. Lokacin da yake fitowa kusan ba shi da wari. A hammata da matsematsi akwai wani irin gumi mai ɗan maiƙo, kuma a kan fatar kowa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Su ne ke cin wannan maiƙon, abin da suka bari shi ne warin da muke ji. Suna son wuri mai ɗumi, mai laima, wanda iska ba ta shiga. Ke nan in gumi ya daɗe a jiki ko a tufa, an shimfiɗa musu tabarma.

Mu kuwa nan Gaya mun fi sauran Nijar samun ruwan sama, ga kogi a gefenmu. Daga watan Maris zuwa Mayu zafi yakan wuce digiri 40, in damina ta faɗi kuma iska ta cika da laima, gumi ba ya bushewa da wuri. Abin da matar Agadas za ta yi ta wuce lafiya, mu nan sai mun ƙara kula.

Abin da za ki yi da kin dawo

Da farko ki zauna a inuwa minti 10 ko 15, ki sha ruwa. In kin faɗa wanka nan take, za ki fito jiki yana ci gaba da zubar da gumi, aikin ya zama na banza. Fitsarinki ne zai gaya miki ko ruwan ya isa: in ya yi ja kamar shayi, jiki yana neman ƙari. In kin ji jiri, ko kai na sarawa, ko gumi ya tsaya alhali jiki ya yi zafi rau, wannan ya wuce gajiya, a kai ki likita.

Na biyu, cire kayan da suka jiƙe. Nan ne yawancinmu muke sakaci. Mace ta dawo, yara na kuka, tukunya na jira, sai ta ɗora girki da rigar mama da kamfai jiƙe har azahar. Ko ba ki samu sararin wanka ba, ki sauya na ciki, ki ɗaura busasshen zane. Minti biyu ne kawai.

Na uku, wankan kansa. Ba sai an kwarara bokiti uku ba. Mun san ruwa kuɗi ne, wata a wurin ƴan garuwa take saye. Rabin bokiti ya isa in an san inda za a bi: hammata, ƙarƙashin mama, ninkin ciki, matsematsi, bayan wuya da bayan kunne, sai tsakanin yatsun ƙafa. Sabulun salo ko na kanti, kowanne ya yi. Kada ki dirje fata da soso har ta yi ja, fatar da ta kurje ta fi saurin kama cuta. Sosonki kuma ki ɗauraye shi ki rataye inda rana ke bugawa, kada ki bar shi cikin kwanon sabulu yana ruɓewa.

Na huɗu, wanda ya fi duka muhimmanci: ki tsane jiki sosai kafin ki sa kaya. Ɗaga mama ki goge ƙarƙashi, ki goge matsematsi, ki bi yatsun ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ƙyasfi, makero da jan ƙaiƙayin nan da ke fitowa a ninkin fata duk laima ce abincinsu. Kowa da tawul ɗinsa ko zanen gogewarsa, domin makero yana bin tufa daga yaro zuwa uwa.

Ƴar'uwa mai ciwon sukari, ke taki kular ta fi ta kowa. Ciwon yana rage jin zafi a ƙafa, ƙaya ta soke ki ko takalmi ya ci ki ba ki sani ba, kuma miki ba ya saurin warkewa. Duk ranar da kika yi tattaki ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, in ido ba ya gani sosai ki sa ɗiyarki ta duba. Kada ki fita ba takalmi. In kin ga rauni ko ƙanƙane ne, ki nuna wa likita tun bai girma ba.

Maganar kogi

Na san daɗin da ke akwai in mace ta fito daga gonar shinkafa ta tsunduma cikin ruwa. Amma a bakin kogin Isa, da tabkuna, da magudanan ban ruwa, akwai tsargiya. Ga yadda take tafiya: mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe, ta shiga jikin ƙananan dodon koɗi ta girma, sa'an nan ta fito tana iyo. Ba sai kin sha ruwan ba, ta fata take shiga. Mu mun saba ganinta ga yara maza masu fitsarin jini, shi ya sa muke zaton ba ta kama manya mata. Tana kamawa. Ga mace takan zo da ciwon mara, da zubar ruwa ta gaba, da ganin jini bayan kwanciyar aure, har takan hana haihuwa. Sau da yawa sai a ɗauka ciwon sanyi ne, a yi ta shan magani ba sauƙi, wani lokaci ma zargi ya shiga tsakanin mata da miji a kan abin da ruwa ya kawo.

Maganinta sananne ne, sunansa praziquantel, shi ne ƙwayoyin da ake raba wa ƴan makaranta tun da Nijar ta fara babban yaƙi da cutar a 2004. In kina da waɗannan alamu kuma kina shiga ruwa, ki gaya wa unguwarzoma ko majo da bakinki cewa kina aiki a fadama, domin su san inda za su duba. In kuma ruwan kogi ne kaɗai gare ku, ki ɗebo ki ajiye a baho ko tulu kwana biyu kafin wanka, tsutsar ba ta rayuwa haka in ba ta samu jikin mutum ba. Ko ki tafasa shi ki bari ya huce.

Abin da ba a sa wa jiki

Nan zan yi magana ba rufa-rufa, tun da mu ya mu ne. Gaban mace yana wanke kansa da kansa. Akwai ƙwayoyi masu amfani a ciki da ke tsare ta daga cuta. In kin tura sabulu, ko alif, ko ruwan jabel, ko turare, ko haɗin da ake tallarsa a kasuwa, kin kori masu gadi kin bar ƙofa buɗe. Shi ya sa wadda ta fi yawan wanke ciki ita ta fi kukan wari da ƙaiƙayi. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar, kuma hannu ya bi daga gaba zuwa baya. In ruwan da ke fita ya sauya launi, ko yana wari, ko yana ƙaiƙayi, wannan aikin likita ne.

Alif a hammata ba laifi, iyayenmu sun daɗe suna amfani da shi: ki jiƙa shi ki shafa a kan fata mai tsabta. Lemun tsami kuma yana ƙona wasu, musamman bayan aski, in ya yi miki zafi ki bar shi. Askin hammata da mara yana rage wari, addini ma ya ce kada a bar shi ya wuce kwana 40. Amma kowa da rezarta. Ciwon hanta da sida suna bin jini, ba a aron reza ko tsakanin ya da ƙanwa.

Sai man bilicin. Da yawa cikinsu suna ɗauke da sinadarin da ke sa fata ta yi siriri ta rasa ƙarfin kare kanta. Mai shafa shi in ta yi gumi, ƙyasfi da makero sun samu gona. Wani man ma in an shafa wa makero sai ƙaiƙayin ya lafa kwana kaɗan, cutar kuma tana ta faɗaɗa. Man kaɗe namu ya ishe mu, musamman lokacin hunturu da kaushi ke tsaga dunduniya. Humra da turaren wuta kuwa adon mace ne, amma bayan wanka ake sa su. Turare a kan gumi, kowa ya san abin da ke fitowa.

Tufafi

Kayan auduga sun fi barin iska ta shiga, na roba kuwa riƙe wari suke yi ko an wanke. Gaya gari ne na gwanjo, dila-dila ake saukewa, saboda haka samun rigar auduga mai sauƙin kuɗi ba wuya. Ki dai wanke ta da kyau ki shanya a rana kafin ki sa. Kamfai da rigar mama da ƙyallen al'ada su ma rana suke so. Na san kunya ke sa mu shanya su a ɗaki bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa, su kwana da laima. Ga dubara: ki shanya a igiya, ki yafa siririn mayafi a kai. Ba wanda ya gani, rana kuma ta yi aikinta. Hijabi da kallabi ma a riƙa sauyawa. In kin dawo cikin gida ki buɗe kai kitso ya sha iska, domin gumin da ya kwana a kitso shi ke kawo wari.

Ina ruwan asusu da wannan?

Ruwansa ne tsundum. Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da ya riƙe shi shi ne kowace mace ta zo taro, ta zuba, ta biya bashi a kan lokaci. Wadda ƙaiƙayi ya hana fita kasuwa, ko miki ya kwantar, jarinta ne zai tafi wurin magani. Mai sayar da fura, ko ƙosai, ko kifi kuma ta san mai saye yana duban mai sayarwa kafin ya dubi kaya. Tun rufe gadar Malanbil a 2023 mun ga yadda ciniki ya ja baya, ba mu da kuɗin da za mu zubar a kan cutar da sabulu da rana za su iya karewa.

Ga shawarata ga shugabanni. A ƙungiya mai mata 25, in kowace ta ƙara dala 5 a mako, an samu dala 125. A wata guda dala 500 ke nan, wato jika 2 da rabi. A sayi sabulu a sari a raba, ya fi sauƙi a kan kowace ta saya ɗai-ɗai a kanti. Ƙungiyar da ke da wadda ta koyi haɗa sabulu ta koya wa sauran, a yi na gida a sayar da ragowar. A dai kula da soda, tana ƙona fata da ido: a sa safar hannu, a nisanta yara, kuma soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda.

Abu na ƙarshe, mu riƙe bakinmu. In kin ji wari a jikin ƴar'uwa, kada ki toshe hanci a taro, kada ki kai gulma gidan maƙwabciya. Wataƙila ba ta da na sabulu, wataƙila cuta ce take ɓoyewa. Ja ta gefe ki gaya mata da daɗin baki, in ta kama ki raka ta likita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka muka haɗu tun farko.

Wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba a taron wannan mako, bayan an rufe akwati. Waɗanda suka daina tattaki kuma su dawo, muna jiran su gobe da safe. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya raya mana zuri'a. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.